Fom ɗina ne ya ɓoye sunan, Baba mai gadi ake tuhuma

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka sakaya sunana, sunayen mutanen da za ku gani a ciki ma duk na sauya su. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyar ke nan ina yawo da wata magana a cikina, gobe Litinin kuma dole in buɗe baki a gaban hukuma, har yanzu ban san me zan ce ba.

Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar kuɗi ta firamare da ke Nassarawa GRA, shekarata huɗu a wurin. A Gama nake zaune da matata da 'yarmu guda. A takarda aikina koyar da yara ne, amma kun san halin makarantar kuɗi, in firinta ta ƙi aiki ni ne, in intanet ya ɗauke ni ne, in Hajiya mai makarantar ta manta lambar sirrin wayarta ni ne dai. Ina taɓa haɗa manhaja, da kaina na koya babu wanda ya zaunar da ni, kuma ba zan ɓoye muku ba ina ji da kaina a kan haka. Sannan zuciyata a kusa take, tun ina yaro aka san ni da wannan, ina fara aikatawa kafin in yi tunani.

Bara da maganar satar yara ta yi yawa a gari, iyaye suka matsa wa Hajiya cewa littafin da ake rubuta masu ɗaukar yara a bakin get bai ishe su ba. Sai ta sa ni in haɗa fom. Iyaye za su cike a wayarsu, su sa suna da hoton duk wanda suka yarda ya ɗauki ɗansu. In an tashi kuma mai gadi zai buga sunan yaro a tasa wayar, jerin mutanen ya fito, in fuskarka tana ciki ka tafi da yaro, in babu ka tsaya a kira iyaye. Sati biyu na yi a kansa, a babbar kwamfutar ofis. Hajiya ta ce tambarin makaranta da takenta su zauna a sama, manya, kada su motsa ko an ja shafin. Ta ce a ƙasa kuma a sa jan layi mai kauri da rubutu cewa wanda babu sunansa kada a ba shi yaro, shi ma ya tsaya cak. Tsakanin waɗannan biyun ne akwatin sunaye yake. Ni kuma da gwanintata sai na yanka wa akwatin tsayi guda wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kamar tela ya auna mutum ɗaya ya ce duk unguwa su sa rigar, na kuma ce masa duk abin da ya wuce wannan tsayin ya ɓoye shi, don kawai na ga sandar ja sama da ƙasa tana ɓata masa kyau. Na gwada a wayata, na gwada a ta Hajiya da ta hedimasta, dukkansu dogayen wayoyi ne, suna biyar suna fitowa ras. Aka yi ta yabona a mitin ɗin iyaye, wani Alhaji har injiniya ya kira ni, kaina ya yi girma. Wayar mutumin da zai yi aiki da fom ɗin kullum ita kaɗai ce ban taɓa karɓa na duba ba.

Mutumin nan shi ne Baba Haruna, mai gadinmu. Daga Jigawa yake, ya haura sittin, tun ranar da aka buɗe makarantar yake bakin get ɗin. Yana karanta boko a hankali, harafi bayan harafi. Wayarsa 'yar ƙarama ce, sikirin ɗinta bai kai tafin hannu ba, kuma saboda idonsa an ƙara masa girman rubutu har ƙarshe. A zangon da ya wuce ya taɓa samuna a ɗakin kwamfuta ya ce, "Malam, abin nan naka kamar yana cinye ƙasa fa." Lokacin ina fama da sakamakon jarrabawa, ko ɗaga kai ban yi ba, na ce masa wayar ce ta tsufa kamar mai ita, ya je ya sake. Ya yi dariya ya fita. Yawancin yara suna biyu ne a jerinsu, uwa ko uba da direba, Baba kuma ya haddace fuskokin mutane, shi ya sa aka daɗe ba a ga komai ba.

Ranar Talatar da ta wuce ne abin ya faru. Akwai wata yarinya 'yar aji biyu, mahaifinta wani babban ɗan kasuwa ne a Badawa, zan kira shi Alhaji kawai. Direbansu na kullum ya tafi gida jinyar mahaifiyarsa, suka ɗauki sabo, Sale, mutumin wani ƙauye a Katsina, kwanansa biyu da fara aiki. Da safiyar ranar mahaifiyar yarinyar ta shiga fom ta ƙara sunansa da hotonsa, ya zama na uku a jeri. Da aka tashi wajen ƙarfe biyu titin ya cunkushe kamar kullum, sai Sale ya ajiye mota can nesa ya tako da ƙafa. Baba ya buga sunan yarinyar, suna biyu suka fito, ya ce masa babu shi, ya tsaya a kira gida. Sale baƙo ne, yana tsoron kada a ce ya kasa aikin farko da aka ba shi, sai ya tsaya musu, yana cewa Hajiyarsa, uwar yarinyar, ce ta aiko shi, har ya miƙa hannu ya kama jakar yarinyar. Ita kuma ba ta saba da shi ba, ta fashe da kuka ta ruƙunƙume ƙafar Baba. Wata mata daga cikin mota ta ƙwalla ihu ta ce ɓarawon yara.

Ina ɗakin kwamfuta na ji hayaniya na fito da gudu. Kafin in iso har an kai shi ƙasa, direbobi da masu adaidaita da masu wankin motar da ke tsallake duk sun rufe shi. Na tambayi Baba ko sunansa yana ciki, ya ce babu, amma a bari a kira gida. Rabin farko kawai kunnena ya ɗauka. 'Yata sa'ar yarinyar nan ce, fuskarta na gani, idona ya rufe. Na kutsa na sa ƙafa na haure shi a haƙarƙari, sau biyu, a na biyun na ji wani abu ya karye a ƙarƙashin takalmina, kuma a lokacin daɗi na ji, Allah na tuba. Wani ya zo da ƙarfen kwance taya ya sauke masa a fuska. Wani yana cewa a kawo taya da fetur. Jini yana fita ta bakinsa da hancinsa, shi kuma abu ɗaya yake ta maimaitawa, ku kira Hajiya, ku kira Hajiya. A duk taron nan mutum ɗaya ne ya yi ƙoƙarin ceton sa, Baba Haruna, ya kwanta a kansa yana roƙon mutane da girman Allah, har sanda ta same shi a kafaɗa. Hedimasta ne ya fito da waya a hannu yana ihu cewa mahaifiyar yarinyar ce a kan layi, direbansu ne, da safe ta sa sunansa. Kafin ka ce kwabo kowa ya sulale, masu ƙarfe da masu neman fetur duk sun zama 'yan kallo. Aka ɗauki Sale zuwa asibiti, haƙarƙari uku sun karye, muƙamuƙi ya goce, idonsa na hagu kuma likita ya ce da wuya ya sake gani da shi.

Na koma ɗakin kwamfuta da jininsa a bakin wandona. Na buɗe fom ɗin, ga sunan Sale nan na uku, da hotonsa yana murmushi. Sai maganar Baba ta zangon baya ta faɗo min. Na matse shafin ya koma girman ƙaramar waya, na ƙara girman rubutu har ƙarshe. Tambarin makaranta ya cinye kusan rabin sikirin, jan layin ya cinye ƙasa, suna biyu suka rage a tsakiya. Na uku yana ƙarƙashin jan layin, ko ka ja da yatsa ba ya tasowa, babu wata alama ma da za ta nuna maka akwai saura. Baba gaskiya ya faɗa. Abin da na ba shi ya gani shi ya gani.

A nan ne na yi abin da ya fi dukan muni. Na zauna na gyara. Na cire tsayin da na ƙayyade wa akwatin, na ce ya riƙa cike duk filin da ya rage komai ƙanƙantar waya, in sunaye sun fi ƙarfinsa a iya ja sama. Na sa tambarin ya riƙa tsukewa ya koma siririn layi in sikirin ƙarami ne. Jan layin na mayar da shi ƙarshen jeri, ya daina hawa kan suna. A sama na ƙara wurin da zai nuna adadin mutanen da ke ciki, yadda in an ce uku ka ga biyu za ka san da saura. Minti ashirin bai cika ba na gama, abubuwa ne da duk ɗan koyo ya sani, ni ma na san su tun ranar farko, lalaci da son a ce ya yi kyau ne suka hana ni. Kafin la'asar na ɗora sabon a kan tsohon. Na ce wa kaina don kada gobe a sake dukan wani ne, kuma wallahi da wannan a zuciyata, amma rabi ne. Ɗaya rabin tsoro ne, ba na so kowa ya buɗe ya ga abin da na gani.

Washegari Laraba aka zauna a ofishin Hajiya, da Alhaji, da jami'in 'yan sandan da ke bincike, da hedimasta, da Baba, da ni. Baba ya ba da labari tiryan-tiryan, ya ce suna biyu ya gani, ya miƙa wayarsa da kansa ya ce a duba, don ya tabbata ita za ta wanke shi. Alhaji ya karɓa ya buga sunan 'yarsa. Suna uku suka fito, ga hoton Sale ɓaro-ɓaro. Baba ya karɓi wayar ya kusanto da ita fuskarsa, ya nesanta, ya goge sikirin da bakin rigarsa, ya rantse da Allah jiya ba haka take ba. Alhaji ya ɗauke shi da mari, hularsa ta faɗi ƙarƙashin tebur, dattijon da a haife ya haife shi. Ya ce ai an gaya masa tsohon direban abokin Baba ne, tare suke cin goro a bakin get, makirci suka ƙulla don a kori sabon. Jami'in ya tsawatar, sannan ya juyo gare ni ya tambaya ko na'urar tana iya ɓoye suna. Kowa ya zuba min ido, har Baba, shi kallon mai neman ceto yake min. Na ce, "Ga shi dai kuna gani." Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma da shi aka tafi da Baba.

Kwana ɗaya ya yi aka ba da belinsa, ya dawo ya tarar an fito masa da kayansa daga ɗakin get, an sallame shi. Ya koma wurin wani ƙaninsa a nan Gama, layi uku tsakaninmu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wasu 'yan uwan Sale suka tare shi a lungu, da rana tsaka, suka yi masa dukan da ya zubar masa da haƙora biyu, suka ce wannan somin taɓi ne, in idon ɗan uwansu ya tafi nasa ma sai ya tafi. Ba na ganin laifinsu sosai, an gaya musu shi ne ya jawo, kuma ni na san yadda mutum yake in an nuna masa wani an ce ga mai laifi.

Kada ku ce ban gwada komai ba. Ranar Alhamis na shiga wurin Hajiya na fara kewaye-kewaye, na ce ai wani lokacin ƙananan wayoyi suna nuna abu daban. Ba ta bari na kai ƙarshe ba, mace ce mai kaifin basira, na ga a idonta ta gane. Ta ce in rufe ƙofa. Ta ce in tuna mutum nawa ne ke cin abinci a makarantar nan, in aka ce fom ɗin makaranta ne ya jawo iyaye za su kwashe 'ya'yansu cikin sati guda, Alhaji kuma ba zai bar mu ba, da ni zai fara. Ta ce maganar ta riga ta tsaya a kan mai gadi, in bar ta a inda ta tsaya, ita za ta san abin da za ta yi masa daga baya. Na fito ina jin haushinta, amma can ƙasan raina wani sanyi na ji, don ta faɗa min abin da nake so in ji.

A gida ma ba sauƙi. Na gaya wa matata komai, har da haurin. Ta yi kuka, sannan ta ce in na kuskura na yi magana to ita da 'yarta gidansu za su tafi, ba za ta zauna ta jira a kawo mata gawata ba, mutanen da suka cire wa tsoho haƙora a kan zato me za su yi wa wanda ya amsa da bakinsa, kuma ga bidiyon dukan Sale yana yawo a wayoyi, duk wanda ya san takalmina zai gane ni. Na ce mata ba ta da imani, ta ce imanin nawa ina yake ranar Laraba. Maganar ta shige ni, na ɗauki kwanon abincin da ta ajiye min na maka da bango, miya ta wanke labule, 'yarmu ta ruga bayan uwarta tana kallona irin kallon da yarinyar can ta yi wa Sale. Tun ranar 'yar tawa ba ta yarda ta zauna kusa da ni ba. Yayana kuma da na kira shi cewa ya yi babu wani dogon zance, hakkin mutum biyu ne a wuyana, in je in faɗa ko me zai faru. Shi yana Kaduna, faɗa daga nesa ba wuya.

Jiya Asabar na kasa daurewa na je gaida Baba. Na same shi a soro a kan tabarma, leɓensa a kumbure, kafaɗa a ɗaure. Ya yunƙura zai tashi don ni, na hana shi. Na tafi da niyyar in faɗa masa, na ma shirya kalmomin tun daga gida, amma ya riga ni. Ya ce in yafe masa, ya ɓata min aikin da na sha wahala a kai. Na zaci zai tuna min ranar da ya kawo ƙorafi na kore shi, bai ko taɓo ta ba, ko ya manta ne ko rufa min asiri yake, ban sani ba. Ya ce kwana uku yana buɗe wayar yana dubawa, kullum suna uku yake gani. Ya ce, "Malam, na'ura ba ta ƙarya, ni ne. Idon ne ya tafi ban sani ba, na zauna a bakin ƙofar 'ya'yan mutane da makanta, ga shi na sa an nakasa bawan Allah." Hawaye yana bin gemunsa. Ya ce rantsuwar da ya yi a ofis ita ta fi damunsa, har ya fara azumin kaffara da wannan bakin nasa. Ya ce ranar Litinin in an koma gaban jami'in ba zai sake musu ba, zai amsa laifinsa, ya nemi gafarar Sale, duk hukuncin da aka yanke ya karɓa. Sannan ya laluba ƙarƙashin tabarma ya ciro takarda da biro, ya ce ni ne mai ilimin da ya yarda da shi, in taimaka in rubuta masa bayanin da Turanci mai kyau, shi zai sa hannu. Na karɓa, jama'a. Na ce masa to Baba, na taso.

Tsohon fom ɗin yana nan a kwamfutata ban goge ba, minti ɗaya ya isa in nuna wa kowa yadda sunan yake ɓacewa a wayar Baba. In na nuna, aikina ya tafi, wataƙila makarantar ma ta tafi da abincin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, Alhaji zai sa ƙafar wando ɗaya da ni, 'yan uwan Sale kuma sun san hanyar Gama. In aka tono bidiyon, ba maganar fom kaɗai zan amsa ba, har haƙarƙarin. Na yi tunanin in faɗi na fom in ɓoye na haurin, sai na ga wata rabin gaskiyar ce irin ta ranar Laraba. Na yi tunanin in fara zuwa asibiti wurin Sale, ban san da wace fuska zan tsaya a gaban gadonsa ba. In kuma na yi shiru, dattijon da shi kaɗai ya kwanta a kan Sale don ya kare shi zai ƙarasa rayuwarsa yana ganin shi ya makantar da mutum.

Ba tausayi nake nema ba, wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta. Amma bayan zagin ku faɗa min abin yi. Masu ilimin addini, akwai wata hanyar sauke wannan hakkin da ba sai na tona kaina a gaban kowa ba, ko yaudarar kaina nake? Masu sanin shari'a, in na kai kaina me zan tarar, kuma ta yaya zan kare matata da 'yata? Ƙarfe goma na safe aka ce mu hallara. Takardar Baba tana gabana fara fat. In rubuta masa cewa idonsa ne, ko in rubuta nawa bayanin in sa hannu?